Ƙafar Inji Ta Ci: A Gyara Ko A Sayi Sabuwa?

Masunta da masu jigila a tafkin Lagdo na Kamaru sun sha tambayata wannan, musamman waɗanda suka ƙara wa injin jirginsu ƙarfi ko suka sa farfela mai faɗi. Kan injin yana ɗaukar ƙarin, ƙafar, wato ɓangaren ƙasa da ke cikin ruwa mai juya farfela, ita ce ke shan wahala, don haƙoran giyarta an auna su ne da ƙarfin asali. Ran da ka kwance ƙusar da ke ƙasan ƙafar, man giya ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. In kuma ka murza shi a yatsa ka ji ɓurɓushin ƙarfe, haƙora sun fara ci.

Gyara ya fi sauƙin kuɗi. Makanike a Garwa zai canza giya da boris da robar tare ruwa. Sai dai aikin yana son ido: in tazarar haƙoran ta kuskure ko da kaɗan ne, za ta sake ci, wataƙila kana tsakiyar tafki da kaya da mutane. Wannan ne ke tayar mini da hankali.

Sabuwar ƙafa ta Yamaha tsada gare ta, ga jira, amma tana daɗewa. Ita ma fa ba ta jure farfelar da ta fi ƙarfinta, kuma zaren koma in ya naɗe sandar farfela, zai yanke robar.

Mai kamun kifi kusa da gaɓa, in gidan giyarsa bai tsage ba, gyara ya ishe shi. Mai ɗaukar fasinja zuwa nesa kullum, ya daure ya sayi sabuwa.