Sharhi kan garejin da ya gano abin da ke cinye mini famfon sitiyari

Duk mai shiga daji da mota mai ja da ƙafa huɗu ya san kukan famfon sitiyari idan ya fara mutuwa: wani ƙugi ne mai tashi da sauka daidai da wutar da aka ba inji, daga nan sitiyari ya yi nauyi a lokacin da mutum yake tsakiyar yashi ko kan duwatsu. Motata ta yi ta cinye famfo bayan famfo, sabo da wanda aka sabunta, kuma duk inda na kai ta maganar ɗaya ce, wai kayan yanzu ba su da ƙarko. Wannan sharhi na yi shi ne a kan wani bakanike da ya ƙware a harkar haidirolik, wato na'urorin da ke aiki da matsin mai, wanda ya ƙi taɓa famfon sai ya san abin da ke kashe shi.

Abin da ya fara yi shi ne buɗe murfin ɗan tankin man sitiyari alhali inji yana aiki. Man ya yi baƙi, yana warin ƙuna, kuma samansa duk kumfa ne. Ya bayyana mini cewa a cikin famfon akwai 'yan faranti na ƙarfe da ke juyawa cikin wani zobe, kuma man da suke turawa shi ne dai yake hana su cin juna, saboda haka idan man ya zo gauraye da iska, ko ya kasa isowa yadda ya kamata, kumfar tana fashewa a ƙarƙashin matsi tana ƙwaƙule ƙarfen a hankali. Ya ɗaura geji a tiyon matsi da ke tsakanin famfo da akwatin sitiyari, ya rufe bawul na 'yan daƙiƙu. Irin waɗannan famfuna sukan kai matsin 70 zuwa 100 a ma'aunin matsi da ake kira bar, wasu ma fiye, amma allurar nawa rawa kawai take yi, ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ya bar motar ta yi zafi, ya sa aka ba ta wuta, ya nuna mini tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo yana lotsewa a gaban idona, tiyon da idan mota ta huce babu mai cewa yana da wata matsala.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ya kwance tankin ya kife shi. A gindinsa akwai wata rariya mai ƙananan ƙofofi wadda ba a ganinta idan mai yana ciki, kuma ta toshe da baƙin dagwalo har haske ba ya ratsa ta. Ya goga maganaɗisu a kan dagwalon, ya ɗago shi cike da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli. Wannan ɓarɓashi ragowar famfon farko ne da ya lalace, ya bazu cikin tanki da tiyo da akwatin sitiyari, ya zauna yana jiran duk sabon famfon da za a ɗaura. Rariyar tana hana famfo samun mai, ƙarfen da ya kuɓuce mata kuma yana gurje shi daga ciki. An yi ta zuba ruwa mai tsabta a ƙazamin tulu ke nan ana zargin rijiya. Raina ya ɓaci ƙwarai da na tuna kuɗin da na kashe, domin cikin duk waɗanda suka canja mini famfo babu ko ɗaya da ya cire wannan tanki, kuma wani daga cikinsu ya ɗaure bel tamau har boris ɗin famfo ya fara ƙara, sannan mai sayar da kayan ya ƙi karɓar korafina, ya ce ni na lalata.

Gyaran da aka yi mai kyau ne. An canja tanki da tiyo, an wanke hanyar man ta tiyon dawowa har ya fito garau, an sa abin tace mai wanda yake da maganaɗisu a kan hanyar dawowar, an zuba irin man da littafin motar ya ambata shi kaɗai. An shigar da pulin famfo, wato gargaren da bel ke juyawa, da na'urarsa maimakon guduma, an duba cewa ya yi layi ɗaya da sauran pulin inji. Kafin a tayar da inji an ɗaga gaban motar da jak, aka yi ta juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe har iska ta fita. Da na bar garejin, sitiyarin ya yi laushi, babu ƙugi, kuma da a ranar na rubuta wannan sharhi da yabo kawai za a karanta.

Sai dai akwai abin da har yanzu ban yafe ba. Shi da kansa ya lura cewa tayoyina sun fi waɗanda motar ta zo da su girma, ya tambaye ni ko ina rage musu iska a yashi, ya kuma faɗa mini cewa babbar taya mai ƙarancin iska, a tafiyar hawainiya da ƙaramar giya, tana tilasta wa famfo aiki a kusa da iyakar matsinsa, ga shi kuma iska ba ta kaɗa gaban mota balle man ya huce. Mutumin da ya san duk wannan bai sa mini na'urar sanyaya mai ba, ya ce wannan aiki ne na daban da za a iya yi daga baya. Fitar farko da na yi zuwa hanya mai wuya, man ya yi zafi ya kumbura har ya malalo ta murfi, ƙugin ya dawo, kuma da na leƙa sai na ga yaransa sun mayar da tsohon kilif, wato ƙarfen da ke matse bakin tiyo, a kan sabon tiyo, yana tsatsar da mai yana kuma zuƙo iska. A ganina wannan sakaci ne, tunda zafi yana cikin abubuwan da shi ya lissafa a matsayin masu kashe famfo, kuma man da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius yakan fara tsinkewa ya rasa santsinsa.

Da na koma bai yi gardama a kan kilif ɗin ba, ya canja shi nan take, amma ya caje ni kuɗin sake wanke hanyar man bayan kuɗin na'urar sanyayar da ya ɗaura a gaban lagireto, kuma ya ƙi rubuta mini garanti a kan famfon, wai motar daji ba a yi mata alkawari. Tun daga lokacin famfon bai sake kuka ba, man yana nan da launinsa, ni ma ina kiyaye gargaɗinsa na kada in danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa 5, domin a nan ne bawul ɗin kariya yake buɗewa man ya yi ta zagaye a cikin famfo yana ɗaukar zafi. Wanda famfonsa yake mutuwa a kai a kai zan iya tura shi wurin wannan bakanike don bincike, amma ya sa a rubuta na'urar sanyaya mai da sababbin kilif cikin lissafin farko, kuma ya tsaya a wurin lokacin da yara suke ɗaure tiyo.