Sharhi kan shirin hutun matasa na aikin taimako da koyon Sifaniyanci a ƙasar Peru

Mu mazauna Amurka ne, kuma a dogon hutun da ya wuce muka tura ɗanmu mai shekara 16 wani shiri na matasa a ƙasar Peru, inda ake haɗa aikin taimakon al'umma da koyon Sifaniyanci. Ya tafi da ɗan abin da ya koya a makarantar sakandare, wanda bai wuce gaisuwa da haddar nahawu ba, ya kuma dawo yana hira da maƙwabtanmu masu jin harshen ba tare da in'ina ba. Na gamsu da kuɗin da muka kashe, amma gamsuwar tawa tana da sharuɗɗa, kuma ina ganin ya kamata iyaye Musulmi su san su kafin su sa hannu.

Daga Lima, babban birnin ƙasar, aka wuce da yaran zuwa Kusko, tsohon babban birnin daular Inka, wanda ke kan tsauni mai tsawon kimanin mita 3,400. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, baƙo yakan yi fama da ciwon kai da haki, shi ya sa na yaba da dabarar masu shirin ta sauko da yaran kwarin Urubamba, wanda bai kai Kusko tudu ba, har jikinsu ya saba. Abin da ba su jaddada mana yadda ya kamata ba shi ne sanyi. Watannin Yuni zuwa Agusta hunturu ne a can, rana ta buɗe da tsakar rana amma dare ya yi sanyin da ke shiga ƙashi, ga shi gidajen ƙauye ba su da abin ɗumama ɗaki. Akwai kuma shayin ganyen koka da ake ba baƙi saboda jiri, wanda al'ada ce a can, sai dai doka ta hana shigo da ganyen cikin Amurka saboda daga shi ake samar da hodar ibilis, don haka a ja wa yaro kunne kada ya sako shi cikin tsaraba.

Inda shirin ya ci kuɗinsa shi ne zaman gidan mutane. An sauke ɗana shi kaɗai a gidan wani manomin masara da dankali, babu mai jin Turanci ko ɗaya a cikinsu. Tsofaffin gidan suna magana da harshen Kecuwa a tsakaninsu, su juya Sifaniyanci idan za su yi magana da shi. Ya ba ni labarin yadda matar gidan take zaunar da shi kusa da murhu da yamma, ta miƙa masa wuƙa da kwandon dankali, tana nuna kowane abu tana faɗin sunansa, ba ta kuma barinsa sai ya maimaita daidai. Idan yana son ruwan wanka mai zafi ko ƙarin bargo, dole bakinsa ya nema. Darasin aji da suke yi da safe yana da amfani wajen gyara kurakurai, amma a ganina bai kai rabin abin da ya samu a bakin wannan murhu ba. Yaran da aka haɗa biyu a gida ɗaya kuwa, in ji shi, Turancinsu suka ci gaba da yi har aka dawo.

Aikin da suka yi shi ne gina murhu na tubalin laka mai bututun fitar da hayaƙi. A gidaje da yawa na ƙauyukan tsaunin da itace ake girki a cikin ɗaki, har rufin ya yi baƙi ƙirin, mata da ƙananan yara kuma su ne ke shaƙar hayaƙin kullum. Wani magini ɗan garin ne ke jagora, yaran suna kwaɓa laka da ciyawa da ƙafa suna ɗaukar tubali, masu gida su ma suna aiki tare da su, kamar dai gayya a ƙauyukanmu. Ba zan ɓoye abin da ke damuna a nan ba: aikin da matasan suka ɗauki kwanaki suna yi, maginin zai gama shi da sauri shi kaɗai, kuma kuɗin jirgin yaro ɗaya zai gina murhu masu yawa. Wanda ya fi amfana da tafiyar ɗana ne. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne mutanen garin ne suka zaɓi aikin da gidajen da za a yi wa, kuma ana biyan maginin da masu masauki haƙƙinsu.

Babban ƙorafina yana kan abinci da salla. Mun rubuta a takardar rajista cewa ba ya cin naman alade, amma ba a isar wa matar gidan ba, sai da ya yi mata bayani da kansa a daren farko da ɗan guntun Sifaniyancinsa. Soyayyen naman alade abinci ne da ake ji da shi a yankin, haka ma gasasshen ɓeran Masar da ake yi wa babban baƙo, kuma ba a samun naman halal a ƙauyen. Allah Ya saka wa matar da alheri, domin daga ranar ta koma yi masa kifi da ƙwai da miyar dankali ba tare da ɓata rai ba. Jadawalin ayyuka ma bai bar gurbin salla ba, sai da ya tunkari jagoran tawagar kafin aka riƙa ba shi lokacin azahar da la'asar. Kamfanin da ke karɓar kuɗi mai yawa irin wannan bai kamata ya bar wa yaro wannan ɗawainiya ba.

An rufe tafiyar da ziyarar Machu Picchu, kufan wani tsohon garin Inka da ke kan tsauni, ziyarar da ta burge shi ƙwarai, ko da yake yawon buɗe ido ne kawai. Kuɗin shirin bai haɗa da tikitin jirgi ba, kuma mai fasfon Amurka ba ya buƙatar biza, amma mai fasfon Najeriya sai ya nema tun da wuri.

Ina ba da shawarar shirin ga yaron da ya riga ya sami tushe a harshen, wanda kuma zai iya buɗe baki ya kare addininsa cikin ladabi. Ƙanwarsa ta fara roƙon a tura ta, na kuma gaya mata cewa sai na yi magana da gidan da za a sauke ta da kaina, kuma an tabbatar mini a rubuce cewa ita kaɗai za ta zauna a gidan.