Salon Bali ko na Lamu: wanne ya dace da gidan hutu na bakin teku?

Hajiya, kin ce kuna ƙarasa ginin gidan hutu a gaɓar teku kusa da Legas, kuna kuma neman shawara tsakanin salon Bali da salon gidajen Suwahili na Lamu a Kenya da Zanzibar a Tanzaniya wajen ƙawata cikinsa. A hoto sukan yi kama, domin duka akwai katako da farin yadi da kwakwa a tsakar gida, amma kowanne da dabarar da yake bi wajen maganin zafi, kuma daga nan bambancinsu ya faro.

Gidan gargajiya na Bali, tsibirin nan na Indonesiya, tarin rumfuna ne da suke kira bale, kowace da aikinta, a cikin fili guda mai katanga. Yawancinsu ginshiƙai ne da rufi kawai, don iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Rufin na ciyawar alang-alang ne, wadda ita ce tofar da muka sani, kayan ɗaki kuwa na katakon tik ne da gora da saƙar ratan. Otal-otal irin su Amandari da aka buɗe a yankin Ubud na Bali a 1989 ne suka fito da salon ga duniya, har da banɗakin da ba shi da rufi, wanda yanzu kowa ke kwaikwayo.

Gidan Lamu kuwa inuwa yake nema da kaurin bango. Ana gina shi da dutsen murjani a shafe da farar ƙasa, kuma ɗakunansa dogaye ne marasa faɗi, saboda sandunan itacen mangrove mai fitowa a bakin teku, da suke kira boriti, wanda ake jerawa a rufi, ba ya ba da tazara mai yawa. Duk wanda ya san yadda azara ke ƙayyade faɗin soro ya gane wannan. A ƙofar gida akwai daka, wata 'yar farfajiya mai dakali inda maigida ke karɓar baƙin da ba za su shiga ciki ba, aikin da zaure ke yi a wurinmu. Daga nan sai tsakar gida, sai ɗakuna bi da bi, kowanne ya fi na gabansa sirri, har a kai na can ƙurya inda ake cika bango da jerin alkukai da ake kira zidaka, ana ajiye tangaran da littattafai. Wannan tsari na daga cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya tsohon garin Zanzibar a jerin wuraren tarihi a 2000, Lamu kuma a 2001.

Wajen kulawa, Bali ta fi cin kuɗi. Gora in ba a jiƙa ta a ruwan sinadarin boras ba ƙwari za su mayar da ita gari, rufin tofa yana buƙatar sauyi bayan wasu shekaru kuma yana tsoron wuta, sannan matasan kujerun da ke rumfa a buɗe sukan yi fumfuna da damina, musamman a gidan da ake kullewa wata da watanni. Bangon farar ƙasa yana fitar da danshi maimakon ya riƙe shi kamar fentin mai, kuma gyaransa sake shafe ne kawai. Duk wanda aka zaɓa, iskar teku tana cin baƙin ƙarfe, don haka maratayin ƙofa da fitilu su zama na tagulla.

Batun sauro da sutura shi ne ya fi karkatar da ni. Falo marar bango abin sha'awa ne da hantsi, amma da magariba ta yi kowa zai gudu ciki, kuma iyalin da ke tafiya hutu da surukai da 'yan mata ba za su saki jiki a banɗaki mai kallon sama ba. Dogon gadon Zanzibar mai ginshiƙai huɗu yana da wurin rataya gidan sauro, ba sai an ɓata adon ɗaki da ƙusa da igiya ba.

Saboda haka, Hajiya, ni dai da ni ce, zan bi Lamu a cikin gida: farin bango, alkukai a falo, ƙofar gaba mai sassaƙa, tabarmi a ƙasa, da yadin kanga ko kikoi na mutanen Gabashin Afirka a kan matasai don launi. Daga Bali abu ɗaya zan ɗauko, wato rumfar bale guda a lambu, nesa da kicin da injin wuta, a sa mata katifar da za a iya naɗewa a shigar ɗaki ranar da za ku koma gida.