Adis, Istanbul ko Kazablanka: ina ne ɗan Maraɗi zai sauya jirgi bai jigata ba?

Mu a Maraɗi tafiyar ƙasar waje ba a filin jirgi take farawa ba. Tana farawa ne a tashar mota tun kafin kiran assalatu, sannan a dafa hanya kilomita wajen 660 zuwa Yamai, ta Gidan Rumji, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Kafin ka ga ƙofar filin jirgi na Diori Hamani, wuni ya tafi, baya ya riƙe, ƙafa ta kumbura. Shi ya sa idan abokan kasuwa suka tambaye ni ta ina ya fi sauƙin yin eskal, wato tsayawa a hanya don sauya jirgi, ba na duba kyawun gini ko yawan kantunan turare. Abin da nake dubawa shi ne nauyin da gajiyayyen mutum zai iya ɗauka.

Sana'ata kayan sola da na waya, don haka Gwanzu ta ƙasar Sin da Dubai ne wuraren zuwana, kuma na taɓa raka mahaifiyata umara. A da mutane da yawa ta Faris suke bi, amma tun watan Agusta na 2023 Air France ta daina zuwa Yamai. Yanzu mai tafiya nesa yana zaɓe ne tsakanin Ethiopian ta Adis Ababa, Turkish ta Istanbul, da Royal Air Maroc ta Kazablanka. ASKY ta Lome da Air Côte d'Ivoire ta Abijan na nan su ma, amma sun fi amfani ga mai zuwa ƙasashen da ke kusa. Manyan ukun nan duk na bi ta cikinsu, kuma ga mai nufin gabas, Adis na fi yabawa.

Dalilin farko shi ne yadda suka tsara lokaci. Jiragen da suka kwaso mutane daga Afirka ta Yamma suna sauka Bole, filin jirgin Adis, da dare, na Asiya kuma suna tashi wajen tsakar dare. Ke nan jiran bai wuce ƴan awoyi ba: ka sauka, a bincika jakar hannunka, ka yi alwala, ka rama magariba da isha'i a ɗakin sallah, ka sha shayi, sai kiran shiga jirgi. Ginin kuma dogo ne miƙaƙƙe, ba ya da lungu-lungu. In ka ga lambar ƙofarka a allo, tafiyar ƴan mintoci ce ka isa. Sun faɗaɗa shi a 2019, amma har yanzu girmansa daidai ƙafar mutum ne.

Abu na biyu ba a rubuce yake a tikiti ba, amma ni ya fi kwanta mini a rai. A bakin ƙofar jirgin Gwanzu ko na Jidda, da wuya ka zauna minti biyar ba ka ji Hausa ba. Ga mutanen Kano, ga na Damagaram, ga na Cadi da Kamaru. Rubutun allunan da Amharanci ne da Turanci, mu kuwa yawancinmu Faransanci muka taɓa, wasu ma ko shi babu. To in ka rikice, sallama kawai za ka yi wa wani mai hula, ka ce: “Alhaji, don Allah duba mini katin nan, nan ne ƙofata?” Zai duba, in ma ba nan ba ne ya tashi ya nuna maka. Wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga wanda bai taɓa fita ba.

Sai dai a tafi da rigar sanyi a jakar hannu, kar a sa ta cikin babban akwati. Adis tana kan tudu, mita sama da 2,300, kuma sau da yawa mota ce ke ɗaukar fasinja daga gindin jirgi zuwa gini. Iskar da ke bugun mutum a kan matakalar nan da dare ta fi ta hunturun Janairu a bakin gulbi. Haka kuma a lokacin da jirage suka sauka a jere, layin bincike yana tsawo, kujerun zama suna cika maƙil. Wanda jiransa ya kai awa 8 zuwa 24 saboda babu jirgi mafi kusa, kamfanin na ba shi otal da abinci, kuma a dawowa daga Sin hakan na faruwa. A otal ɗin a kula da maganar lokaci, don mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, abin da muke kira ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 ne. In an gaya maka lokacin da mota za ta zo, ka sa a rubuta maka shi da agogon da ke kan tikiti. Agogon Adis da na Istanbul duka suna gaban namu da awa 2.

Istanbul kuwa, wallahi gini ne na gani na faɗa. Sabon filin ya karɓi dukan aiki daga tsohon filin Ataturk a watan Afrilu na 2019, komai a ƙarƙashin rufi guda. Tsabta, masallatai masu wurin alwala mai kyau, allunan lokaci ko'ina, kuma daga can akwai jiragen zuwa ƙasashe masu yawan gaske. Amma girman nan shi ne nauyinsa. Bayan jirgi ya taɓa ƙasa, yakan ɗauki lokaci mai tsawo yana gangarawa kafin ya tsaya. Ka fito, ka bi dogon zaure, a sake bincike, sannan ka fara neman ƙofa wadda za ta iya kasancewa a can ɗaya ƙarshen. Saurayi mai jaka guda zai ji daɗinsa. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko mace mai goyo da yaro a hannu, zai sha wuya. Ni ba na karɓar tikitin da ya bar mini ƙasa da awa 3 a can, ko da an ce awa ɗaya da rabi ta isa. Abinci kuma da tsada, gara ka riƙo dabino da biskit. Akwai yawon buɗe ido na kyauta da Turkish ke yi wa masu dogon jira, amma shiga gari sai da bizar Turkiyya, saboda haka kar mai fasfon Nijar ya sa rai da shi in bai nemo ta ba.

Lokacin da na raka Inna, tun wurin sayen tikiti na nemi a rubuta mata keken turawa. Ba a biyan ko dala, ana dai so a sanar da kwana biyu kafin tafiya. Da muka sauka ma'aikaci na tsaye da keken a bakin jirgi. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce: “Kai ɗan nan, da ƙafafuna za a tura ni gaban mutane?” Na ce: “Inna, ki adana ƙafafun, ɗawafi da sa'ayi na jiran su.” Ta yi shiru, ta gyara mayafi ta zauna, carbinta a hannu. Ma'aikacin ya bi da mu ta layi na daban, ya kai mu har ƙofa. Duk mai tafiya da tsoho, ko ta wane fili zai bi, ya nemi wannan.

Kazablanka ba ni da dogon bayani a kanta. Jirgin yana barin Yamai cikin tsakiyar dare, ya isa da safe, tafiyar ba ta kai ta sauran biyun ba. Ana jin Faransanci da Larabci, wanda hakan ke kwantar wa ɗan Nijar hankali. Ga mai zuwa Turai ko Amurka, musamman ɗalibai, hanya ce mai kyau. Ga mai zuwa Sin ko Dubai kuwa zagaye ne, ka yi arewa maso yamma sannan ka juyo gabas. Lokacin da na bi ta can, agogonsu ɗaya ne da namu, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa guda.

Abin da ya fi zaɓen filin kansa muhimmanci shi ne tikitin ya zama guda ɗaya daga Yamai har inda za ka. In haka ne, a Yamai za a manna wa akwatinka takardar garin ƙarshe, ba ka sake ganinsa sai can, kuma in jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa ka a na gaba. Na taɓa ganin wani yaro ɗan wajenmu a wani fili, zaune a ƙasa gaban teburin masu wucewa, ya baje takardunsa a kan cinya, idanunsa sun yi ja. Wani mai sayar da tikiti ya haɗa masa biyu daga kamfanoni daban don ya yi araha. Akwatinsa ya fita wajen karɓar kaya, ɗauko shi sai an shiga ƙasar, shiga kuma sai da biza, ga jirginsa na biyu ana kira. Ya ce mini: “Yaya, ba a gaya mini haka ba.” Muka haɗa masa abin da ya samu, amma jirgin ya tafi ya bar shi. Har yau abin na cina. In za ka sayi tikiti, ka tambayi mai ajans ƙarara: lambar ajiyar wuri ɗaya ce ko biyu? Kayana za su wuce kai tsaye? Ina buƙatar bizar wucewa? Tambaya ta ƙarshe ta fi shafar masu bi ta Turai. Mai fasfon Najeriya sai da bizar wucewa ko da ba zai fita daga fili ba, kuma duk wanda zai sauya jirgi sau biyu cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, sai da cikakkiyar biza.

Mu a nan muna da wata ƙofa da mutanen Yamai ba su da ita. Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kuma tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024 wasu sun koma tashi daga filin Malam Aminu Kano, inda Ethiopian ke zuwa, ga kuma EgyptAir ta Alkahira. Ƙafa na hutawa ta nan, amma sai ka lissafa da shingayen hanya, canjin naira, da hatimin fita da shiga na iyaka wanda dole ya kasance a fasfo. Wanda zai dawo da kaya masu nauyi ya auna duwan biyu, wato kwastan na Najeriya da na Nijar, kafin ya yanke shawara. Ni in da kaya zan dawo, Yamai nake bi, in sauya a Adis, katin rigakafin shawara yana cikin fasfo, batirin cajin waya kuma a jakar hannu don ba a yarda ya shiga babban akwati.