Halloween a The Simpsons: kashi na 1990 ko na 1994?

Tun daga 1990, shirin katun na Amurka, The Simpsons, yake fitar da kashi na musamman kowace shekara domin bikin Halloween, mai suna Treehouse of Horror, wanda yawanci ke ƙunsar gajerun labarai uku na ban tsoro.

Na farko, wanda tashar Fox ta nuna ranar 25 ga Oktoba, 1990, an gina shi ne a kan hira: Bart da ƙanwarsa Lisa suna ba juna labarai a ɗakinsu na kan bishiya, mahaifinsu Homer kuma yana laɓe yana saurare. A nan ne dodannin sararin samaniya, Kang da Kodos, suka fara bayyana, sannan aka rufe da waƙar marubucin Amurka Edgar Allan Poe mai suna The Raven, wadda ɗan wasan kwaikwayo James Earl Jones ya karanta da kakkaurar muryarsa. Akwai natsuwa a cikinsa, har tsoron yakan samu damar shiga zuciya.

Na biyar kuwa, na 30 ga Oktoba, 1994, ya watsar da hirar domin labaran su samu fili, kuma ya fi zubar da jini ƙwarai, domin malamai suna cin ɗalibai, ana kuma sarar Willie, mai kula da harabar makaranta, da gatari a dukan labaran uku. Mafi ƙarfinsu shi ne wanda na'urar gasa burodi ta mayar da Homer zamanin da, ya kashe sauro guda, ya dawo ya tarar maƙwabcinsa Ned Flanders yana mulkin duniya. A ganina wannan ya fi na farko kaifi da dabara, ko da yake bai dace da ƙananan yara ba.