Packet Tracer: ra'ayina ga mai son koyon netwok daga tushe

Duk wanda ya fara karatun netwok ya san inda ake shan wuya, za a ce ka haddace matakan OSI guda 7, wato matakan da saƙo ke bi daga wata na'ura zuwa wata, ka haddace bambancin siwic (mai haɗa na'urori a netwok ɗaya) da rauta (mai haɗa netwok da wani netwok), ka rubuta jarabawa ka ci, amma a ajiye maka kwamfuta biyu a ce ka haɗa su su yi magana sai ka tsaya kana sosa ƙeya. To wannan matsalar ce Packet Tracer ya zo magancewa, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari.

Manhaja ce ta kamfanin Cisco da ke kwaikwayon netwok a kan kwamfuta, kyauta ce, kawai sai ka yi rajista a Networking Academy ɗinsu, shirin da suka fara tun 1997, sai ka sauke. Tana aiki a Windows da macOS da Ubuntu. Kana buɗewa fili ne fari fat, a ƙasa ga kayan aiki nan jere, kwamfutoci, siwic irin 2960, rauta irin 2911, kebul kala-kala, sai ka jawo abun da kake so ka ajiye.

Abun da ya fi burge ni shi ne ɓangaren da suka kira Simulation. Ka ajiye kwamfuta uku da siwic ɗaya, ka ba ta farko adireshin 192.168.1.10, ta biyu 192.168.1.20, ta uku 192.168.1.30, dukkansu da subnet mask 255.255.255.0, lambar da ke nuna iyakar netwok, sai ka yi ping, wato saƙon gwaji, daga ta farko zuwa ta biyu. Lokaci zai tsaya cak, saƙon ya fito a siffar ambulan, kai ne za ka riƙa dannawa yana tafiya taki ɗaya-ɗaya. A nan ne za ka ga ashe ping ɗin ma ba ya fita kai tsaye, wani saƙo mai suna ARP ne ke fara fita yana cigiyar wa ke da wannan adireshin ya turo lambar MAC ɗinsa, wato lambar shaidar katin netwok ɗinsa, siwic ya watsa wa kowa, kwamfuta ta uku ta karɓa ta ga ba ita ake nema ba sai jan kuros ya fito a kan ambulan ɗin ta yar da shi, ta biyu ce kaɗai ke amsawa. Daga nan siwic ya riga ya gane wa ke kan wace kafa, ba ya sake damun kowa. Kuma in ka danna ambulan ɗin zai nuna maka abun da ya faru a kowane mataki na OSI, wlh abun da mutum zai yi sati yana karantawa a nan zai gan shi da idonsa.

Sai kuma ka gwada canza ta biyun zuwa 192.168.2.20, ping zai mutu duk da suna kan siwic ɗaya, saboda yanzu netwok biyu ne daban, dole sai an sa rauta a tsakiya an kuma faɗa wa kowace kwamfuta adireshin ƙofar da za ta bi ta fita. Rautan ma kafofinsa a kashe suke zuwa, alamar kebul za ta tsaya ja har sai ka shiga ka rubuta no shutdown. Haka na gaske yake yi, shi ya sa nake son abun, ba su sauƙaƙa maka inda bai kamata ba. Ko ɗigo mai launin ruwan lemo da ke fitowa a kafar siwic na wajen daƙiƙa 30 kafin ya koma kore ba lalacewa ba ce, siwic ɗin ne ke duba kar a samu saƙo yana zagaye a wuri ɗaya, mai gaggawa akwai maɓallin tura lokaci gaba.

Amma fa kwaikwayo ne, kar mutum ya ɗauka ya gama. Ba duk umarnin da rauta na gaske ke karɓa yake karɓa ba, kuma kayan da ke ciki yawanci na Cisco ne, in aiki ya haɗa ka da kayan wani kamfani irin MikroTik sai ka sake zama. Sannan akwai alamar walƙiya da ke zaɓar maka kebul da kanta, tana da daɗi amma ni dai ban ba sabon shiga shawarar ya saba da ita ba, gara ya san wanne ne miƙaƙƙe wanne ne mai giciye. Matse kan kebul, wato RJ45, kuwa da neman inda waya ta tsinke, wannan sai hannu ya taɓa. Kuma da Turanci yake zuwa.

Ga mai shirin CCNA, jarabawar Cisco ta ƙwarewa a netwok, ko wanda kawai yake son ya fahimci me ke faruwa tsakanin wayarsa da rautan gida, irin su DHCP mai raba adireshi da DNS mai juya sunan shafi zuwa adireshi da sauransu, ya isa farawa har ya yi yawa. In ka kai inda ya fara yi maka kaɗan sai ka koma wata manhajar gwajin netwok mai suna GNS3, ka haɗa da manhajar Wireshark ka kalli saƙonni na gaske suna wucewa a kan kwamfutarka.