Canjoba ta hannu ko mai sauyawa da kanta?

Mutane sun dame ni da tambaya, in za a haɗa janareto da wayarin gida wacce canjoba za a saka, wato abin da ke juya layi tsakanin NEPA da inji, ta hannu ko mai aiki da kanta da ake kira ATS?

Maganar kuɗi dai ta hannu ta fi araha nesa ba kusa ba, ko mai amfiya 63 ce ko 100 za ka samu a shagon kayan wuta. ATS kuwa akwai tsada, kuma sai injinka yana da batir yana tashi da makulli, mai igiyar nan da ake ja ba zai yi ba.

Wajen sauƙi ATS ta yi gaba, NEPA na ɗaukewa za ta tada inji ta juya layi, suna kawowa ta kashe shi kana kwance abinka. Ta hannu sai ka fita da tocila cikin dare, amma fa ba ta cika lalacewa ba, ita kuwa ATS wutar nan mai hawa da sauka tana iya ƙona mata kwantakta, wato abin da ke haɗa layi a cikinta, gyaran ma sai gwani.

Dukkansu suna raba layin NEPA da na inji, kuma shi ne dalilin saka su. Masu cusa wayar janareto a soket kai tsaye wallahi ganganci ne, wutar tana komawa taransifoma ta haura har bolt 11,000, ta kashe ma'aikacin da ke kan fal.

Mai ƙaramin inji a gidan haya, ta hannu ta ishe shi. Mai kemis da firjin allura ko gidan da tsofaffi suke, ATS ta fi masa. Kowacce dai ƙwararren mai wayarin ya ɗaura.